Zinaren Gonar Ɗanliti

Wata huɗu cif Ɗanliti ya yi yana wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na wata makaranta can wajen Rijiyar Zaki, kafin a yi masa godiya a ce ya huta haka nan, don kwalaben sun kusa ƙarewa. Ya dawo ƙauyen Tsamiyar Kurma da abu biyu: farar riga irin ta likitoci wadda aljihunta ɗaya ya ƙone, da wata tsohuwar takarda mai faɗin dardumar salla, an zana mata gida-gida, kowane gida da sunan sinadari da lambarsa. Ya kafe ta a bangon zaure da ƙusa huɗu. Daga ranar ya kafa doka kada wanda ya sake kiransa Ɗanliti, sai dai Dakta. Shi kaɗai ya bi dokar.

Duk wanda tsautsayi ya zaunar a zauren nan ya shiga uku, don sai Ɗanliti ya ɗauko kara ya hau nuna masa takarda.

"Duk abin da Allah Ya halitta da ƙwayar zarra aka gina shi, kuma kowace ƙwaya da nauyinta. Ƙarfe hamsin da shida. Jan ƙarfe sittin da huɗu. Zinare ɗari da casa'in da bakwai. Ku ido kuke kallon abu da shi, mu masana lamba muke dubawa."

Lambobin kam haka suke a takarda, bai ƙara ba bai rage ba. Abin da suke nufi ne bai ji ba, domin ranar da aka yi bayanin yana bayan ɗaki yana kwashe fasassun kwalabe.

Gona ɗaya gare shi, ta gado, a bayan gari, kuma ita ke ciyar da shi da matarsa Aina'u da 'ya'yansu huɗu. A wannan yanki gona a jikin gona take, ba wadda ake bari ta huta, shi ya sa da rani kowa ke sayen takin birni, sharar da motoci ke kwasowa daga bololin Kano su juye a gonaki. Tana zuwa da leda da gwangwani da duk abin da mutanen birni suka gaji da shi, amma in ta ruɓe ƙasa na sonta. Bana geron Ɗanliti ya yi kyan da bai taɓa yi ba. Ya fi mutum tsawo, ya fitar da kai, saura 'yan makonni a yanka.

Ran wata Talata yana cire ciyawa sai fartanya ta ce ƙwal. Ya tona, ya zaro wani dunƙulen abu kamar ƙwan zabo, mai nauyi. Ya goga a gefen wando, sai ga rawaya tana ƙyalli. Ɗanliti ya waiga gabas, ya waiga yamma, ya jefa abin a hula, ya kifa a ka, ya ranta a na kare. Kowane taku abin sai ya ƙwale shi a tsakar ka, bai ko ji ba.

Ya faɗa gida yana haki, ya tarar da Aina'u tana tankaɗe.

"Aina'u, ajiye rariyar nan! Daga yau kin daina tankaɗe, tankaɗe miki za a riƙa yi."

"Lafiya, Malam? Me ya kumbura maka kai?"

"Arziki ne." Ya cire hula ya nuna mata. "Zinare! A gonata!"

Ta juya abin a hannu ta miƙa masa. "Ni kam ya yi mini kama da abin da ake tsinta a shara."

"Haka zai yi miki, tunda ba ki yi karatun ba. Zinare yana da dansiti. Kin san dansiti? Nauyi ne na musamman. In aka sa shi a ruwa nutsewa yake. Matsa ki gani."

Kafin ta ce wani abu ya ɗaga hannu sama ya saki dunƙulen cikin randa. Abin ya nutse kuwa, har ya wuce inda aka aike shi, don ya fasa gindin randar ya fita. Ruwa ya kwararo ya bi ta cikin garin da take tankaɗewa, ya kashe murhu, ya kori kaji.

"Kin gani? Ya nutse!" in ji Ɗanliti.

"Dutse ma nutsewa yake, Malam. Randar aurena ce ka fasa."

"Ta zinare zan saya miki."

"Ita kuma wa zai iya ɗaga ta?"

Ya zura farar rigarsa ya nufi shagon Abdulkabir mai sayar da iri da maganin feshi, don shi kaɗai ke da ɗan sikeli mai batir a garin. A bakin shagon kullum akwai 'yan zaman benci, cikinsu har da Nababa, maƙwabcinsa na gona, wanda tun suna yara ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba.

Ɗanliti ya ɗora dunƙulen a sikeli. Lamba ta fito: ɗari biyu da uku.

"Zinare ɗari da casa'in da bakwai ne," ya ce, "shidan nan datti ne. Abdulkabir, ara mini zarto."

Ya zauna a ƙasa ya hau gurza, zufa na zuba. Ya gurza ya auna, ya gurza ya auna. Da ya ɗora na ƙarshe sai sikeli ya nuna ɗari da casa'in da shida. Ya yi tsaki, ya lakato laka da ɗan yatsa ya shafa wa abin, ya sake ɗorawa.

"Allahu Akbar! Ku karanta da bakinku!"

Abdulkabir ya leƙa. "Ɗari da casa'in da bakwai."

'Yan benci suka zaro ido. Wasu suka miƙe suna leƙe, wani ya ce a ba shi ya taɓa. Nababa kuwa sai ya miƙa hannu cikin tiren mai kayan miya ya ɗauko wata ƙatuwar albasa. Ya ɗora a sikeli, ya ɓare ɓawo ɗaya, ya ɗora, ya ɓare wani, har lamba ta tsaya cak.

"Dakta, karanta mini."

Ɗanliti ya kau da kai.

"Ɗari da casa'in da bakwai," in ji Nababa. "Ga nawa zinaren, har da ƙamshi."

"Albasa ba ta cikin takarda."

"Abin naka ma daga motar shara ya faɗo. Ni bara tsohon agogo na tsinta a tawa gonar, ban ce na haƙo lokaci ba."

"Hassada ce ke cinka, Nababa. Ranar da na sayi mota, kai a baya za ka zauna tare da awaki."

Aka yi dariya, amma ba kowa ya yi ta har ciki ba. Lamba ta fito, kuma an ga ta fito. Kafin la'asar labari ya zaga gari cewa injin Abdulkabir ya tabbatar.

Washegari da sassafe Ɗanliti ya shiga gona da diga da shebur, da wasu majiya ƙarfi uku da suka ce sun zo taimako ne don Allah, ko da yake kowannensu ya zo da buhu. Ya tsaya a gabansu cikin farar riga, ya yi bayani cewa zinare jijiya gare shi kamar rogo, in ka samu ɗa to uwar na ƙasa. Sannan ya kama geron da ke wurin ya tumɓuke.

Ranar farko suka haƙa rami uku. Suka samu cokali mara kai, da makulli, da murfin tukunya.

"Kun gani?" in ji Ɗanliti. "Mutanen da ne suka binne dukiyarsu a nan. Wannan makullin taskar ne."

"Dakta, ga kuma takalmin roba ƙafa ɗaya," in ji ɗaya daga cikin majiya ƙarfin.

"Na mai gadin taskar ne. Ku ci gaba."

Da ya koma gida Aina'u ta ajiye masa tuwo, ta zauna a gefe ba ta tashi ba.

"Malam, an ce kunya ashirin ka tumɓuke."

"Ashirin da biyu."

"Geron nan shi ne abincinmu har wata damina. Saura kwana nawa a yanka? Ka yi haƙuri a girbe, in ya so ka tona har ka ɓullo Bici."

"In jira Nababa ya biyo ta ƙarƙashin ƙasa ya kwashe? Ke ba ki san mutumin nan ba. Gero kuma, wa zai ci gero a gidan nan? Shinkafa 'yar waje za ki riƙa zuba wa kaji."

Ta dube shi, ta dubi yaran da ke lasar kwano. Tsoro ya kama ta sosai, don ta san in ya sa abu a gaba ba ya jin kira.

Rana ta biyu rami ya kai takwas, kuma na takwas ɗin ya ci kunya biyu na gyaɗar Nababa. Nababa ya iso a kan jakinsa yana kumfar baki.

"Ɗanliti! Iyaka ta tashi ne?"

"Jijiya ba ta san iyaka ba."

"Ni na sani! Fito mini daga gyaɗa!"

Ya zaburi jaki zai zagayo, jaki ya taka bakin rami na biyar, ƙasa ta zabtare. Jaki ya tafi, Nababa ya bi shi. Ɗanliti ya ce kowa ya tsaya, akwai hanyar kimiyya ta fitar da abu mai nauyi. Ya ɗaura igiya a ƙirjin jaki, ya zagaya ta reshen gawo, ya ɗaura ɗaya bakin a nasa ƙugu don kada ta suɓuce, ya ce a tura jakin daga ƙasa. Aka tura, jaki ya taso rabi, ya yi harbi, ya koma. Igiya ta fizgi Dakta, ya yi sama kamar guga, ya daki reshe, ya sauko a kan Nababa. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, saboda haka su ukun suka fito launi ɗaya, sai ta kunne aka gane jakin.

Duk da haka rana ta uku ya dawo, yana ɗingishi, rigar ta koma ja. Rabin gona ya zama ramuka da tarin ƙasa, gero kwance ko'ina. Ya ɗaga diga zai shiga ɗaya rabin, sai ya tsaya turus. Aina'u ce zaune a kan tabarma a bakin geron, cikin hijabi, matar da tun da aka kawo ta ba ta taɓa taka gonar ba. A gefenta ga ƙanwarta Juwairiyya, wadda ke koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata a Bici. Tun jiya Aina'u ta buga mata waya tana kuka. A bayansu kuwa rabin gari ne, har da Abdulkabir rungume da sikelinsa.

"Aina'u, tashi mini daga kan dukiya."

"Sai dai ka haƙa da ni."

Juwairiyya ta yi murmushi. Tsakaninta da mijin yayarta dama wasa ne, ba ta raga masa.

"Yaya Dakta, ina wuni? An ce ka yi arziki ba ka neme mu ba."

"Juwai, wannan ba karatun 'yan aji ɗaya ba ne."

"Shi ya sa na zo a koya mini. Ɗari da casa'in da bakwan nan, nauyin mene ne?"

"Nauyin zinare."

"Wane zinaren? Na ɗan kunne ko na sarƙa? Ai ba nauyinsu ɗaya ba."

Ɗanliti ya gyara wuyan riga.

"Lambar nan ta ƙwayar zarra guda ɗaya ce, Yaya, in an gwada ta da ƙwayoyin sauran abubuwa. Ƙwayar da ido ba ya gani, balle sikelin Abdulkabir. Abin da take gaya maka shi ne ƙwayar zinare ta ninka ta jan ƙarfe sau uku a nauyi. Amma abu in yana hannunka, nauyinsa kaɗai ba ya faɗin ko mene ne, sai ka haɗa da girmansa. Mudun gero da mudun ƙaiƙayi girmansu ɗaya. Nauyinsu ɗaya?"

"A'a!" in ji jama'a.

"To shi ne dansitin da kake faɗa. Zinare ya ninka ruwa mai girmansa sau goma sha tara. Tagulla sau takwas da rabi."

"Duk na san wannan," in ji Ɗanliti. "Gwada ki nake yi."

Ta sa aka kawo kofi da faranti da zare, da sirinjin da Nababa ke ɗura wa awakinsa magani da shi. Aka sake auna dunƙulen, ta ajiye kofi a tsakiyar faranti, ta cika shi da ruwa fal har baki.

"Duk abin da aka tsoma a nan zai koro ruwa daidai girmansa. Zinare mai wannan nauyi ƙarami ne, sirinji ɗaya zai koro. In tagulla ce, sai ya wuce biyu. Yaya, ka yarda?"

"Na yarda. Ki shirya jin kunya."

Ta ɗaure abin da zare ta zura a hankali. Ruwa ya malalo cikin faranti. Ta cire kofi, ta zuƙa da sirinji.

"Ɗaya!" in ji jama'a.

Ta tsiyayar, ta sake zuƙa.

"Biyu!"

Ga kuma saura a faranti yana ƙyalli.

"Ruwan rijiya ne!" Ɗanliti ya daka tsalle. "Ruwan rijiya kumbura yake. Mu a ɗakin gwaji da ruwan leda muke aiki."

Aka aika shago aka kawo ruwan leda. Aka sake. Biyu da ɗoriya.

"Hannunta rawa yake. Ku ba ni wuri."

Ya karɓi zaren da kansa ya zura. Da ya ga faranti na cika, sai ya ce ƙishirwa ta dame shi, ya sunkuya ya kai baki ya kurɓe. Nababa ya cafke masa wuyan riga.

"Jama'a ku shaida, Dakta ya shanye hujja!"

"Tofo ta!" in ji wani.

Dariya ta sa Ɗanliti ya ƙware, ruwa ya fito masa ta hanci. Yana tari yana nuna kofi, yana cewa a sake, sai an yi sau bakwai ake yarda da gwaji. Juwairiyya ta sake sau ɗaya don ta rufe masa baki, jama'a suka ƙirga da ƙarfi har da tafi. Sannan ta kwance zaren, ta tsokane lakar da ta toshe gindin abin da tsinke, ta ɗaga sama. Ga ɗan rami mai zare-zare inda ƙusa ke shiga.

"Tagulla ce, Yaya. Mariƙin ƙofa ne."

Abdulkabir ya karɓa ya duba. "Wallahi kuwa. Irinsa ne a ƙofar banɗakin tasha."

Wurin ya kaure. Wani ya faɗi yana riƙe ciki, wata tsohuwa ta yi ta salati tana share hawaye. Majiya ƙarfin nan uku suka naɗe buhunansu suka sulale ba sallama. Nababa ya ce shi ba abin da zai ce, a dai mayar masa da kunyoyinsa biyu yadda suke, sannan a ba jakinsa haƙuri.

"Ba a gama bincike ba," in ji Ɗanliti. "Wani lokaci zinare kan..."

Ba wanda ya tsaya ji. Jama'a suka watse suna maimaita ƙirga, Juwairiyya ta tafi raka tsohuwar nan, gona ta rage daga shi sai matarsa.

Sai a lokacin ya juya ya dubi abin da ya yi. Ramuka takwas, jar ƙasa tsibi-tsibi, awakin gari sun shigo suna cin geron da ke kwance ba mai korarsu. Ya sunkuya ya ɗauki zangarniya ɗaya. Ta cika da ido tun daga gindi har kai, ya matsa da farce, farin ruwa ya fito. Kwana ashirin kawai take nema. Ya yi ƙoƙarin kafa karan a ƙasa ya tsaya, karan ya kwanta. Ya sake kafawa, ya sake kwanciya.

Aina'u ta miƙe ta kakkaɓe tabarma.

"Malam, ka ga wannan rabin da na zauna a bakinsa? Na yara ne, ba mai taɓa shi. Wancan da ka tona shi ne rabonka na bana."

Ɗanliti bai yi musu ba. Ya tuɓe rigar ya rataye a gawo, ya ɗauki shebur ya fara mayar da ƙasa a rami na farko. Ya yi shebur biyar, sannan ya ɗago, murya ƙasa-ƙasa.

"Aina'u, in an cike, wake zai yi a nan kuwa?"

Ta saɓa tabarma a kafaɗa.

"In ka yi shiru ka shuka, zai yi."